Tsatsar Jiki Da Gubar Da Ido Ba Ya Gani

Jawabi ga hakimai da malamansu

 Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana abin da masana suka gano game da wata irin guba wadda ba ta da wari, ido kuma ba ya ganinta sai ta gama ɓarna. Dalilin da ya sa a ke wannan bayani ga iyayen ƙasa kuwa shi ne, labarin ciwo da mutuwa a ƙauye ya kan shiga kunnen mai unguwa da dagaci da hakimi tun kafin ya kai ga likita. Wanda ya fara jin labari, in ya san alama, shi ke iya tare masifa tun tana ƙarama.

ABIN DA YA FARU A ZAMFARA

A farkon shekarar 2010 mutanen waɗansu ƙauyuka na ƙasar Anka da Bukkuyum suka ga agwaginsu suna ta mutuwa. Ba wanda ya damu ƙwarai, gama annobar kaji da agwagi ba baƙuwa ba ce a karkara. Ba a daɗe ba sai ciwo ya faɗa wa ƙananan yara. Yaro ya kan fara da amai da ciwon ciki da kasala, sa'an nan jijjiga ta kama shi, bayan kwana kaɗan a ɗauke shi zuwa kushewa. Waɗansu suka ce sanƙarau ne, waɗansu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Aka ba da magungunan waɗannan cututtuka, ba a ga sauƙi ba.

A watan Maris na wannan shekara likitocin ƙungiyar MSF, watau Likitoci Na-gari Na-kowa, suka riski labarin. Da aka ɗebi jinin yaran aka auna, sai aka tarar dalma ce ta cika shi. Asalin abin kuwa shi ne, zinariya ta yi tsada a kasuwannin duniya, mutane suka duƙufa haƙar dutsenta, dutsen nan kuwa cike ya ke da dalma. A kan kawo shi cikin gari, a farfasa, a niƙa a injin niƙa, ko a daka a turmi a tsakar gida, a shanya a inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta zauna a ƙasa, ta faɗa abinci, ta manne a hannun yaro, hannun kuwa baki ya ke zuwa.

Ma'aikatan lafiya sun bi gida gida a ƙauyuka biyu sun yi ƙidaya. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Likitoci suna da ma'aunin dalma a jini. In ya kai 5 a kan nemi inda yaro ke samun gubar, in ya kai 45 a kan sa shi a magani. Cikin yaran da aka auna a ƙauyukan nan, 97 cikin 100 sun kai 45 ko sun wuce. An ƙiyasta yara wajen 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, dubbai kuma suka sha gubar suka rayu.

Mai hankali ya tambaya, yaya ƙurar da ba ta cika cokali ba za ta yi wannan aiki? Amsar tana cikin wani bincike da masana suka daɗe suna yi a kan yadda jikin mai rai ke lalacewa daga ciki.

YADDA JIKI KE TSATSA

Kowa ya san fartanya in an bar ta a waje ta kan yi tsatsa. Farin goro in an fasa shi an ajiye ya kan sāke launi. Man gyaɗa in ya daɗe a buɗe ya kan ɓaci. Abu ɗaya ke aikata duk waɗannan, shi ne wani sashe na iskar da a ke shaƙa wanda masana ke kira oksijin, wanda ya kai kashi ɗaya cikin biyar na iska. Da shi wuta ke ci, da shi kuma mutum da dabba ke rayuwa.

Jikin mai rai an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai abin da ya yi kama da murhu, inda a ke ƙona abinci da oksijin a hankali don a sami ƙarfi da ɗumi. To, inda a ke hura wuta ba a rasa tartsatsi. Wani ɗan kaɗan daga oksijin ɗin nan ya kan kuɓuce ya zama abu mai zafin nama, wanda duk abin da ya taɓa sai ya ci shi. Shi za a riƙa kira tartsatsi a cikin wannan jawabi. In ya faɗa kan kitsen da ya kewaye ƙwaya, kitsen ya ɓaci kamar man gyaɗan nan. In ya faɗa kan zaren gado da ke tsakiyar ƙwaya, wanda masana ke kira DNA, ya kan tsinke shi ko ya ɓata rubutun da ke jikinsa. Daga irin wannan ɓarna ciwon daji ke iya tasowa.

Amma jiki yana da masu kashe gobara nasa. Mai son ganin aikinsu da idonsa ya duba sa'ad da malamin asibiti ya zuba ruwan wankin miki mai kumfa a kan rauni. Kumfar nan aikin wani sinadari ne na cikin jini da tsoka mai suna katalas, wanda ke karya ruwan nan ya mai da shi ruwan zalla da iska, da sauri irin wanda ba ya misaltuwa. A 1969 waɗansu masana biyu a Amurka, McCord da Fridovich, suka gano aikin wani ɗan'uwansa a cikin jinin shanu. Akwai kuma na uku mai suna gulutatayon, wanda hanta ke da shi da yawa. Ban da waɗannan, jiki yana samun taimako daga abinci, musamman ganyaye da 'ya'yan itatuwa.

Muddin masu kashe gobara sun fi tartsatsi ƙarfi, lafiya lau a ke zaune. Tartsatsin ma yana da amfaninsa, gama da shi sojojin jini ke kashe ƙwayoyin cuta. Wahala ta kan zo ne in tartsatsi ya rinjayi masu kashe shi. A 1985 wani masani Bajamushe, Helmut Sies, ya ba wannan hali suna ya bayyana shi dalla dalla. A Hausa ba a sami sunan da ya fi dacewa da shi kamar tsatsar jiki ba.

Dalma tana kai hari ta fuska biyu. Tana ɗaure gulutatayon da 'yan'uwansa ta hana su aiki, tana kuma ɓata aikin haɗa jini har abin da ya taru ya ƙara yawan tartsatsi. Watau ta ƙara wuta, ta kuma fasa tulun ruwa. Har wa yau tana da wata ɓarna dabam. Jiki ya kan ɗauke ta tamkar sinadarin gina ƙashi, ya shigar da ita ƙwaƙwalwa da ƙashi da haƙori. A ƙashi ta kan zauna shekaru, in mace ta sami ciki ta fito ta bi jini ta isa ga ɗan tayi. Yaro kuwa hanjinsa yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu ko biyar fiye da na babba. Shi ya sa iyaye suka yi ta niƙan dutse suna tsaye da ƙafafunsu, 'ya'yansu suna faɗuwa.

HASKE MAI RATSA JIKI

Abin mamaki shi ne, an gano tsatsar jiki ne ta wajen binciken wani abu da ba a zaci yana da dangantaka da ita ba. A 1895 wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa tsoka ya wuce, wanda da shi a ke ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Daga baya aka tarar akwai ma'adinai irin su yuraniyam masu fid da irin wannan haske da kansu dare da rana. A 1927 wani Ba'amurke, Hermann Muller, ya haska shi a kan ƙananan ƙudaje, ya nuna yana ɓata zaren gado har lahanin ya bayyana ga zuriyarsu. A 1954 wata masaniya 'yar ƙasar Ajantina, Rebeca Gerschman, da abokan aikinta suka nuna ɓarnar wannan haske da ɓarnar oksijin in ya yi yawa hanyarsu ɗaya ce.

Ga yadda abin ya ke. Fiye da rabin nauyin jikin mutum ruwa ne. In hasken nan ya ratsa, ya kan farfasa ruwan cikin ƙwaya ya mai da shi tartsatsi mafi zafi duka. An ƙiyasta wajen kashi biyu cikin uku na ɓarnar da hasken hoton ƙashi ke yi wa zaren gado ta wannan hanya ya ke yinta.

Kada wannan ya sa talakawa su guji hoton asibiti. Abin da a ke haskawa a can kaɗan ne, an auna shi, amfaninsa ya fi haɗarinsa nesa. Da irin hasken nan ma likitoci ke ƙone ciwon daji. Kowane mai rai kuma yana shan ɗan kaɗan kullum daga ƙasa da duwatsu da sararin sama, jiki yana gyara abin da ya ɓaci. Yawa da daɗewa su ne abin tsoro.

Ƙasar nan ta taɓa tsayawa a kan wannan magana. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa atom bom nata na farko a Reggane, cikin Sahara ta ƙasar Aljeriya. Hankalin mutane ya tashi, domin kowa ya san daga hamada iskar hunturu ke kwaso ƙura. Da aka fasa na uku ran 27 ga Disamba 1960, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a watan Janairu 1961. Gwaje-gwaje 17 Faransa ta yi a Sahara kafin ta daina a 1966.

Amma abin da ya fi kusa da aikin hakimi guda biyu ne. Na farko, tarin yashin da masu haƙar kuza suka bari a ƙasar Jos yana ɗauke da wani ma'adini mai suna toriyam, masana kuma sun auna sun tarar hasken da ke fita daga irin tarin nan ya fi na ƙasar gona. Bai kamata a ɗebe shi a yi daɓe ko yaɓen ɗakin kwana ba sai an auna. Na biyu, sana'ar gwangwan. A watan Satumba 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, mutum biyu suka shiga kangon wani asibiti suka ɗauko wani sashe na injin ƙona ciwon daji, suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. A cikinsa akwai wani gari mai ƙyalli shuɗi a duhu. Aka yi ta sha'awarsa, aka rarraba wa dangi da maƙwabta. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6. Aka auna mutum wajen 112,000, aka sami gubar a jikin 249, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasarsu. Irin wannan kaya yana da tambari: fukafukai uku kamar na fanka a kan rawaya. Duk ƙarfen da aka ga tambarin nan a jikinsa kada a fasa shi, kada a ɗauka.

DABBOBI SU KE FARA BA DA LABARI

Agwagin Zamfara ba su ne dabbobin farko da suka riga mutane faɗuwa ba. A garin Minamata na ƙasar Japan wata masana'anta ta daɗe tana zuba ruwa mai zaiba cikin teku. Zaibar ta taru a jikin kifi. Kyanwoyi suka fara haukacewa suna jijjiga suna faɗawa ruwa, tsuntsaye suna faɗowa, kafin a 1956 a tabbatar da cutar ga mutane. Zaibar nan ita ce dai masu aikin zinariya ke kama gwal da ita, sa'an nan su ƙona ta a wuta. Tururinta guba ne ga ƙwaƙwalwa da ƙoda, ita ma kuma tana ɗaure masu kashe gobarar jiki yadda dalma ke yi. A Carnobil ta ƙasar Yukiren, inda tashar lantarki ta nukiliya ta fashe ran 26 ga Afrilu 1986, masu bincike sun kama tsattsewa sun tarar masu kashe gobara na jikinta sun yi ƙasa da na 'yan'uwanta na wurare masu tsabta.

Saboda haka masana suka mai da dabbobi ma'auni. In suna zaton wani kogi ko fadama ya gurɓace, su kan kama kifi ko tana ko katantanwa, su auna ɓataccen kitsen da ke hantarsu ko tsokarsu, su auna ƙarfin katalas da gulutatayon, su gwada da na wuri mai tsabta. Ta haka a ke gane guba tun ba ta kai ga kashewa ba. A ƙasar nan akwai masu irin wannan aiki a jami'o'i. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike wanda ya fara aiki a 2004, da shi a ke iya gane ma'adinan da ke cikin ƙasa ko ruwa ko hatsi.

MAGANI DA ABIN DA BA MAGANI BA

Akwai ƙwayar da likita ke bayarwa wadda ke kama dalmar cikin jini ta fid da ita ta fitsari, ta kuwa ceci yara da yawa a Zamfara. Amma tana da iyaka biyu. Ba ta mayar da ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace, shi ya sa waɗansu yaran da suka rayu suka tashi da makanta, ko shanyewar gaɓa, ko nauyin fahimta. Kuma ba ta da amfani in yaro zai koma rarrafe a ƙasar da ta sa masa ciwon. Don haka sai da aka bi gidaje aka kankare ƙasar sama kamar inci biyu, aka binne ta a ramummukan da aka tanada, aka zuba sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai haka tsakanin 2010 da 2011, Bagega kuwa sai a 2013. Sarakuna da hakimai da dagatai sun taimaka ƙwarai wajen fid da niƙan dutse daga cikin gari. Duk da haka a 2015 irin wannan masifa ta sāke aukuwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi, Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

A yi hattara kuma da masu tallan ƙwayoyi a kasuwa da cikin mota, masu cewa nasu yana wanke kowace guba. A ƙasar Finlan an gwada irin ƙwayoyin nan masu kashe tartsatsi a kan maza mashaya taba fiye da 29,000. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka tarar waɗanda suka sha ɗaya daga cikin ƙwayoyin sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu. Abin da aka tabbatar da amfaninsa shi ne abinci. Yaro mai yunwa ko mai ƙarancin jini ya fi tsotse dalma, saboda haka nono da wake da ƙwai da zogale da miyar kuka da lemo garkuwa ce gare shi, ko da ya ke ba su hana guba in ƙura tana nan.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

1. Kada a yarda a fasa, ko a niƙa, ko a wanke, ko a shanya dutsen ma'adini a cikin gari. A keɓe masa wuri nesa da gidaje da rijiyoyi. Hani kawai ba tare da an nuna wani wuri ba ya kan sa mutane su koma yi a ɓoye cikin ɗaka, wannan kuwa ya fi muni.

2. Injin da turmin da suka taɓa dutse kada su sāke taɓa hatsi. Buhun da ya ɗauki dutse kada a zuba masa abinci, kada a shimfiɗa wa yaro.

3. Mai aikin dutse ya yi wanka ya sāke tufafi a wurin aiki kafin ya shiga gida. Yara da mata masu ciki ko goyo kada su je wurin.

4. Kada a ƙona zaiba a cikin gida, kada kuma a fasa tsohon batirin mota ko a narka dalmarsa a unguwa.

5. A gargaɗi mata game da sa wa jarirai kwalli, gama kwallin dutse da yawa dalma ce mafi yawansa.

6. A tara masu sana'ar gwangwan a kwatanta musu tambarin fukafukai uku. In an ga irinsa a nisance shi, a sa tsaro, a sanar da hukuma. Akwai hukumar tarayya mai kula da kayan nukiliya, wadda ta fara aiki a 2001.

7. Malamin hakimi ya buɗe shafi na musamman a littafinsa. Ya rubuta rasuwar kowane ƙaramin yaro da ranarta da unguwarsu da shekarunsa da irin ciwon da sana'ar gidan. Ya rubuta mutuwar agwagi da kaji da awaki da kifi in ta yi yawa. In ya ga yara biyu ko uku na wuri ɗaya sun rasu da jijjiga, ko dabbobi sun faɗi kusa da wurin haƙa, ya kai wa hakimi a ranar, hakimi kuma ya aika wa jami'in lafiya na ƙaramar hukuma da fadar Sarki ba tare da jinkiri ba.

Masana sun yi nasu aiki, sun gano yadda ɓarnar ke aukuwa a cikin ƙwayar da ido ba ya gani. Amma ba su zaune a ƙauye, ba su kuma san ranar da aka shigo da buhun dutse na farko ba. Wannan mai unguwa ya sani, dagaci ya sani. Da a ce an rubuta mutuwar agwagin Anka an aika da labari a kan kari, da watakila an rage kaburbura. Ana fata hakimai za su sa a karanta wannan jawabi a gaban dagatai da masu unguwanni, a kuma maimaita shi ran kasuwa. Allah ya ƙara wa iyayen ƙasa lafiya, ya kiyaye talakawansu.